Belin Ɗan Huraira Mai Waina

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a babban asibitin koyarwa, da wuya a ce bai ci wainar Huraira ba. Tun da sassafe take ɗora tandarta a bakin titin da ya fito daga Gyaɗi-Gyaɗi, ga tukunyar miyar taushe a gefe, ma'aikatan jinya da ɗalibai su yi mata layi da fararen kayansu. Waina dai ta yi daɗi, amma bakin mai ita, kai jama'a! Babban likita guda ta taɓa mayarwa baya don ya tsallake layi, ta ce masa nan ba ɗakin tiyata ba ne. Ba ta raga wa kowa, kuma ba ta iya magana a hankali ba.

Sunaye biyu ne kawai wannan bakin bai taɓa furtawa ba. Na mijinta marigayi Idris, wanda har gobe Malam take ce masa, da na ɗanta na fari, Garzali. Kunyar ɗan fari gare ta irin ta mutanen da. In tana nemansa, "Kai!" ne. In tana zancensa, "yaron nan" ne. Ko ɗalibi mai suna Garzali ya zo sayen waina, sai dai ya ji an ce, "Mai sunan yaron nan, miƙo kwanonka." A makaranta da asibiti kuwa, kullum sai ta sami wanda zai faɗa mata sunan a rubuta.

Malam Idris kafinta ne, mutum mai sanyi, mai fama da ciwon ƙirji. Garzali yana goye aka yi wani faɗa a layinsu, Malam ya shiga rabo, 'yan sanda suka zo suka kwashe har da shi. Huraira ta bi su da goyonta. Ɗan sandan da ke kan kantar ofishin ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Mace ba ta beli. Je ki nemo namiji." Ta kuwa juya, don ta ɗauka doka ce. Yayan Malam ya yi tafiya, maƙwabta kowa ya noƙe, ba mai son sunansa ya shiga takardar 'yan sanda. Kafin ta samo namijin, Malam ya yi kwanaki a kan siminti cikin sanyin damina. Da tari ya fito, tarin nan kuma bai sake shi ba. Kafin kaka aka kai shi maƙabartar Tarauni.

Ta ce ƙaddara ce, ta share hawaye, ta sayi tanda. Da waina ta raini yaron, da waina ta yi ta jigilarsa asibiti, don sikila gare shi, sanyi kaɗan sai ciwon ya tashi ya yi ta murƙususu. Ya girma, ya kama tuƙin adaidaita sahu. Ita kuwa duk matar unguwa da aka kama mata ɗa ko miji ta zo neman shawara, Huraira da bakinta take ce mata, "Kada ki wahalar da ƙafarki, mace ba ta beli."

Ana nan sai ga Mufida, wata mai karatun lauya da ta kama hayar ɗaki a gidansu. Bincike take yi kan haƙƙin mata a ƙasashen Afirka, tana gwada abin da doka ta rubuta da abin da ake yi wa mata a zahiri. Gida-gida take bi tana ɗaukar labarin mata a wayarta. Huraira ta yi ta tsokanarta, wai karatu ya ƙare an koma gulma. Amma wata rana da la'asar, tana wankin shinkafar ƙullu, Mufida ta ja kujera kusa da ita, hira ta yi hira, har labarin Malam ya fito.

Mufida ta kashe wayar ta ce, "Inna, wa ya ce miki mace ba ta beli?"

"Doka mana. Ke da kike karatunta ni za ki tambaya?"

"Wallahi Inna na duba, ta da da ta yanzu, ban ga inda aka hana ba. Ta yanzu ma ƙarara ta ce kada a hana mutum tsaya wa wani don kawai mace ce. Sabo ne kurum, wani ya faɗa, na bayansa ya maimaita."

Huraira ta tsame hannunta daga ruwan shinkafa. Ta ce, "Ba a rubuce take ba?"

"Ban gani ba, Inna."

Washegari masu layi suka zo babu tanda, abin da ko rasuwa aka yi a layin bai taɓa faruwa ba. Tana ɗaki a zaune, zuciyarta tana tafasa. Ashe ba doka ce ta kore ta ba, bakin wani ƙato ne da ko kallonta bai yi ba. Kuma ita, Huraira, da ba ta taɓa juyawa don maganar wani ba, ranar ta juya salin-alin. Ta ji haushinsa, ta ji haushin kanta, ta tuno matan da ta mayar gida da wannan maganar, abin ya ƙara ci mata rai.

Da damina ta zagayo, wata Juma'a da hantsi, sai ga Ɗan'azumi, abokin sana'ar Garzali, ya taka birki gaban tanda a firgice. Ya ce wasu fasinjojin Garzali sun fizge wayar wata mata a hanyar Hotoro sun dire sun gudu, shi kuma direban aka kama. Huraira ta dubi sama, hadari ya haɗo. Ta san in Juma'a ta wuce yana ciki, to sai Litinin, ta kuma san abin da siminti zai yi wa ƙashin yaron nan. Mufida ta tafi Zariya neman littattafai. Ɗan'azumi ya ce bari ya zaga ya nemo wani dattijo mai babbar riga.

"Ba wanda za ka nemo," in ji ta. "Kai ni gida in ɗauki bargo da maganinsa da katin shaidata, sannan ka kai ni wurin."

A ofishin 'yan sandan wani saje ne a kan kanta, da ganinsa bai girmi Garzali da yawa ba. Ya saurare ta, ya ce, "Mama, ina mai gidan?"

"Yana maƙabartar Tarauni. In kana da magana da shi, ƙofar a buɗe take."

Masu jira a benci suka ƙunshe dariya. Saje ya gyara hula ya ce, "To ki nemo wani. Mace ba ta beli."

"Nuna mini inda aka rubuta."

"Mama, kowa ya san haka ne."

"Ni ma da na san haka ne. Yanzu rubutun nake son gani. Ɗauko littafin, ko ban iya ba a karanta mini."

Sai ya sassauta murya, wai zai lallashe ta. "Tausayinku ake ji, Mama. In wanda aka tsaya wa ya gudu, mai belin ake kamawa. Yanzu fisabilillahi mu kulle tsohuwa kamarki?"

"Au, wannan ne damuwar? To bari in sauƙaƙa muku."

Ta tuɓe silifas, ta ɗora bargo da magani a kan kantar, ta ɗaga ƙyauren katakonta da hannunta ta shige bayan kantar, inda ake ajiye waɗanda aka kamo. Ta zauna daram, ta gyara mayafi. Ta ce, "Ga ni. Ku fara kulle ni tun yanzu, shi ku sake shi ya je ya sha magani. Tausayinku na gani, shi ya mayar da ni gwauruwa."

To fa! Saje ya yi tsawa, ya yi magiya, ya kira 'yar sanda mace, ita ma ta zo ta tsaya tana kallo. Wa zai ja tsohuwa a ƙasa ga jama'a sun cika ƙofa? Ruwa ya ɓarke. Tana jin sanyi yana ratsa tafin ƙafarta ta cikin siminti, tana tunanin wanda ke kwance a kansa can ciki, amma ko motsi ba ta yi ba.

A haka ogansu ya dawo daga masallaci ya tarar da su. Ya ji ta bakin saje, ya ji ta bakinta. Ya tambayi saje inda ya samo maganar, saje ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka muka tarar ana yi, yallaɓai." Oga ya yi tsaki, ya karɓi katinta ya duba, ya sa aka kawo takardar beli, ya zare biro da kansa.

"Wa kike tsaya wa, Hajiya? Sunansa da na mahaifinsa."

Nan bakin Huraira ya mutu. Matar da ta gagari saje ta hau murza gefen mayafi. Ɗan'azumi, da ya san halinta, ya matso zai faɗi sunan kamar yadda aka saba. Ta ɗaga masa hannu. Yau ma wani namijin ne zai yi magana a madadinta? Ta miƙe tsaye, ta buɗe murya irin wadda take kiran masu layi da ita.

"Garzali. Garzali Idris. Ɗana ne, ni na haife shi, ni na tsaya masa."

Da aka fito da shi yana ɗingishi, idanunsa sun yi rawaya, ciwon ya fara taɓa shi. Ta lulluɓa masa bargon, suka shiga bayan adaidaitar Ɗan'azumi. Sun ɗan yi tafiya ya ce a hankali, "Inna, na ji ki fa. Har ciki aka ji."

"Ka ji me? Rufe ƙafarka, iska na shiga."

Hanyarsu ta bi ta gefen katangar maƙabartar Tarauni. Ta taɓa kafaɗar Ɗan'azumi ta ce ya rage gudu. Ta leƙa ta cikin ruwan, ta yi wa mutanen ciki sallama, sannan ta ce, "Idris, ashe da na zauna ranar nan, da na fito da kai."

Ta goge fuskarta da mayafi, ta ce ya wuce da su asibiti.