Inda Slava Ke Zuwa Shan Taba

Zoya Hegay ta zo Ansan, a ƙasar kakanninta Koriyawa, da sharaɗi guda. Za ta riƙe jikarta Alina, don 'yarta mai suna Inna da surukinta Slava su samu su yi aikinsu na masana'anta, amma duk farkon Afrilu za ta koma ƙauyensu da ke bayan Tashkent, a ƙasar Uzbekawa, ta yi Hansik, ranar da ake kai wa matattu ziyara. A can mijinta Bisariyon yake kwance, a gefensa kuma ɗanta Artur, wanda motar ɗaukar albasa ta kife da shi bai kai shekara talatin ba. Shekarar farko an cika mata alkawari. Ta biyu aka ce babu mai kai Alina makaranta. Ta uku tana tafe, kuma Zoya ta lura ba wanda ya ta da zancen tikiti.

Rabin rayuwarta a kasuwa ta yi shi, a bayan tebur, tana sayar da kwaɗon karas mai tafarnuwa da yaji. Abin gurzar karas ɗin ma da shi ta zo, katakonsa ya yi baƙi don tsufa, ta buga ƙusa a kicin ɗin Inna ta rataye shi. Kasuwa ta bar mata ciwon gwiwa, ta kuma bar mata wata ɗabi'a: in mutum ya faye fara'a, hannunsa take kallo.

Shi ya sa ba ta yi murna ba da Slava ya sayi tsohuwar mota bayan girbi. Slava mutum ne da ranar Lahadi ba ya tashi sai yunwa ta tashe shi. Sai ga shi ranar Asabar da yamma yana goge gilashi yana fito.

"Mama, gobe za mu fita shan iska."

"Ta gidan ta ƙare ne?"

"Kina ƙasar kakanninki, amma ba ki san ko'ina ba sai kantin Rashawa da ƙofar makaranta."

"Kakannina da ƙafarsu suka bar ta. Sun san abin da suka gani."

Duk da haka ta dafa ƙwai, ta yanka burodi, ta cika roba da karas, don ba ta yarda da abincin bakin hanya ba. Aka ba ta kujerar gaba. Lahadin farko bakin teku suka je, inda ruwa ke janyewa ya bar taɓo, Alina ta cika takalminta da laka tana tonon kaguwa. Zoya ba ta ga abin zargi ba, har ta ɗan ji kunyar kanta. Daga nan ba su sake zuwa teku ba. Kullum tudu, kullum wurin da ya yi shiru, kullum itatuwan fayin, masu ganye kamar allura.

Inna kuma ta koma mai talla. Daga kujerar baya take miƙo hannu tana nuni.

"Mama, dubi yadda suke share ko'ina. Dubi, ko a nan bas yana zuwa."

"Na gani. Ke kika gina?"

Zato na farko da ya zo mata gidan tsofaffi ne. Wata Lahadi sun wuce wani farin gini, an jera tsofaffi a kekuna suna shan hantsi, Slava ya rage gudu. Ranar ko ƙwai ɗaya ba ta ci ba. Amma da ta kwana da zancen sai ta ga bai zauna ba. Wa zai tsaya a ƙofar makaranta? Wa zai dafa? Inna ba ta iya ko shinkafa sai da tukunyar lantarki. Ba a ajiye mutum yana da sauran amfani.

Zato na biyu gidanta ne na ƙauye. Ta kira Dilbar, maƙwabciyarta Ba'uzbekiya, wadda ke riƙe da makulli kuma take share kaburburan in ta je wa nata.

"Wani ya zo duba gida?"

"Wa zai zo, Yaya Zoya? Unguwar duk ta watse, sai ni da karnuka."

"Ba wanda ya auna bango? Ba wanda ya leƙa rijiya?"

"Babu. Sai dai Inna ta kira ni kwanaki, ta ce in ɗauko mata hoton duwatsun kabarin, yadda rubutun zai fito sosai."

"Me za ta yi da shi?"

"Na ɗauka kewa ce."

Zoya ta ajiye wayar, ta ci gaba da gurza karas har ya wuce abin da za su iya ci.

Sai kuma zancen taba. Slava ya bar taba tun da Alina ta yi tarin da ya kwantar da ita a asibiti, kowa ya san haka, shi da kansa yake alfahari da shi. Amma a yawon Lahadi, da zarar an shimfiɗa tabarma an ci abinci, sai ya shafa aljihu ya ce, "Bari in ɗan je in sha taba." Inna, wadda da za ta yi masa tas, ba ta ko ɗaga kai. Ya kan daɗe. Ya dawo da jar ƙasa a takalmi. Da suka koma gida Zoya ta karɓi rigar sanyinsa kamar za ta rataye masa, ta kai hanci wuyan rigar. Ƙanshin ƙaron fayin ta ji, da gumi. Babu hayaƙi.

Wata rana a hanya ya jefo tambaya, idonsa a kan titi.

"Mama, marigayi Baba mai son rana ne ko mai son inuwa?"

"Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a gonar albasa kake tambaya?"

"Hira ce kawai."

"Ka yi hirar da matarka."

A madubi ta ga Inna ta juya tana gyara wa Alina hular da ba ta karkace ba.

Sanyi ya fara sassautawa ranar da suka je wani tudu mai nisa, wanda Zoya ta gane sun taɓa zuwa. Wannan ne karo na farko da aka maimaita wuri. Aka ci abinci a gindin tudun, kusa da inda ake ajiye motoci. Ta ce gwiwa ta dame ta, za ta kishingiɗa a mota. Inna ta ja Alina suka nufi rumfar mai gasa dankali. Slava ya shafa aljihu.

Ta bar shi ya sha kwana, sannan ta buɗe ƙofa a hankali.

Hanyar matakala ce ta katako, tana hawa tana dafa igiyar gefe. A sama itatuwan a jere suke, tazara ɗaya, an share ƙarƙashinsu tas. A jikin kowanne an ɗaura ƙananan alluna masu suna da shekaru. Wata mata ta durƙusa a gindin ɗaya tana tsiyaya giya a ƙaramin kofi, ta jera tuffa da busasshen kifi. Zoya ta tsaya. Ta san wannan zaman, na bakin kabari ne. Kaza da shinkafa take kaiwa ita, amma durƙuson ɗaya ne.

Ta hango Slava a gefen da rana ke bugawa, tare da wani mutum mai koriyar falmaran. Koriyancin Slava na masana'anta ne, rabinsa da hannu yake yi. Ya dafa wata bishiya matashiya da ba a ɗaura mata komai ba. Mutumin ya tambaye shi wani abu. Slava ya ɗaga yatsu biyu, ya yi jim, ya ƙara na uku.

"Ka gaya masa ta ukun ba ta shirya ba tukuna," in ji Zoya.

Slava ya juyo, yatsun suna sama. Mai falmaran ya rusuna mata, ya dube shi, ya ja da baya.

"Mama, gwiwarki."

"Bar gwiwata. Ina tabar?"

Ya sauke hannun. Ya ciro waya ya kira Inna. Kafin ta iso, Zoya ta zagaya bishiyar tana duban ƙasan, wanda faɗinsa bai kai na teburinta na kasuwa ba. Inna ta hauro tana haki, ta bar Alina a kan benci da dankalinta, inda za a gan ta amma ba za ta ji ba.

"Ta yaya namiji zai shiga nan?" Zoya ta tambaya. "Artur ya fi ƙofar gidanmu tsawo."

Inna ta dubi mijinta. Shi ya faɗa.

"Toka ce, Mama. A can za a tono su a ƙone, a kawo. Shugabanmu a wurin aiki ya ce bana kalandar wata tana da watan ƙari, a cikin damina. A wannan watan ne kaɗai mutanen nan suke ta da kabari, wai babu abin da ke biyo baya."

"Shugabanka ya san Artur?"

"Mama, ki saurare ni," in ji Inna. "Su wa suka rage a ƙauyen? Dilbar ta kusa shekarunki. In ta faɗi, wa zai cire ciyawa? Alina ba ta iya ko gaisuwa da Uzbekanci. Mu ba za mu koma ba, kin sani, mun sani, kowa yana yi kamar bai sani ba. Artur ni ma ɗan'uwana ne. Tun da na zo ƙasar nan ban zuba masa ko kofi ɗaya ba."

"Wa ya hana ki jirgi?"

"Ke kuma in ranarki ta zo, ina kike so in riƙa zuwa? Nan bas ɗaya ne daga gida."

Zoya ta daɗe tana kallon 'yarta. Inna ba ƙarya take yi ba, wannan ta gani. Ta ga kuma furfura a gefen kunnenta, wadda ba ta lura da ita ba a hasken kicin.

"Sau ɗaya aka ɗaga min shi, daga ƙarƙashin mota," ta ce. "Ni na wanke masa fuska. Ni na zaɓi rigar. Na sa shi kusa da ubansa na ce masa ya huta. Ba za a sake ɗaga shi ba, kuma ba za a sa masa wuta ba."

"Shi ke nan, Mama," in ji Slava da sauri. "An bar maganar. Wallahi an bar ta."

Saurin ne bai yi mata ba.

"Wa kuka sa a can?"

Slava ya dubi Inna.

"Wanda aka aika wa hoton duwatsun. Wa ye?"

"Roma," in ji Slava. "Ƙanena. Tambaya kawai ya yi, bai taɓa komai ba."

"Da ina nan ina cin ƙwai a kan tudu, shi yana can da shebur."

"Da sai mun gaya miki."

"Yaushe? Da an kawo su a jakar hannu?"

Ta zauna a kan wani kututture, don gwiwar ta fara ciwo da gaske. Matar nan mai tuffa ta tattara kayanta ta wuce su, ta sunkuyar da kai.

"Wannan watan naku, yaushe zai fita?"

"Wajen ƙarshen Agusta."

"To. Zan tafi Hansik. Zan zauna a gidana har ya fita."

"Alina fa?" in ji Inna.

"Tana da uwa, tana da uba. Har mota suna da ita."

Makonnin da suka biyo baya gidan ya yi ladabi. Ba a sake fita ranar Lahadi ba, Slava ya koma barcinsa. Inna ta samo wata tsohuwa daga Almaty a benen ƙasa wadda za ta riƙa ɗauko Alina, ta kuma fara tsayawa a bayan uwarta a kicin tana kallon yawan gishirin da ake zubawa. Tikitin da ta kawo na zuwa da dawowa ne. Zoya ta sa tabarau ta duba ranar dawowar, ta ce a matsar da ita zuwa Satumba. Aka matsar.

Yanzu kuma ita ake kallo. Duk abin da ta sa a akwati, Inna sai ta bi shi da ido: rigar sanyi mai kauri, maganin gwiwa, hoton Alina. Ranar da za a tafi Zoya ta shiga kicin ta tarar da ƙusar babu komai.

"Ina abin gurzata?"

"Ban gani ba, Mama."

"Inna."

Inna ta buɗe tukunyar lantarki ta ciro shi. Zoya ta karɓa, ta juya shi a hannu, ta shafa bakin da babban yatsa.

"Sata ma ba ki iya ba. Da ma ba zan tafi da shi ba." Ta mayar da shi kan ƙusar. "Ki riƙa gurzawa a tsaye, ba a kwance ba. Kuma kar ki sa shi a ruwa ya kwana."

Lahadi ce, Slava ya kai ta filin jirgi a motar. Alina ta kwanta a kafaɗarta a kujerar baya.

"Kaka, me za ki kawo min?"

"Ke me kika ba ni? Busasshen inabi, in kin daina zubar da miya."

A bakin shiga Slava ya sauke akwatin, ya rungume ta kamar yadda ya saba, da hannu ɗaya. Ta riƙe hannun rigarsa.

"Wannan watan ƙarin. Sau ɗaya yake zuwa?"

Ya dubi layin masu shiga.

"Yana dawowa. Bayan shekara biyu ko uku."

"Ita bishiyar fa? Ka ce wa mutumin ya ba wani?"

"Zan gaya masa, Mama."

"Za ka gaya masa."

Ta dubi takalminsa. An wanke shi fes, har igiyar, babu ko ɗigon jar ƙasa. Ta kama hannun akwatinta ta shiga layi.