Yatsu Shida a Tsakar Gidan Kaka

Ƙanshin daddawa a Kasuwar Kure ne ya tuna mini da kakata, shekara uku da rasuwarta. Takan ce, "Maigidana, duk alwala ka ƙirga yatsunka. In ka saba, za ka ƙirga har a mafarki, su ƙi zuwa daidai, ka gane barci kake." Ba ta miƙo mini kokon safe sai na faɗi abin da na gani a mafarki.

Na koma ƙirgawa, kullum sau biyar. Jiya na gan ta tana daka. Na ƙirga, shida. Sai na tuna ta rasu, kuka ya tashe ni.

Allah Ya haskaka kabarinki, Kaka, Ya sake nuna mini ke. Wannan karon sai na gaishe ki kafin in ƙirga.