Randar Inna Hasiya

Ranar Litinin, shida ga Maris na 2023, saura mako biyu da 'yan kwanaki a kama azumi, Malam Muhuyi ya fara haɗuwa da Inna Hasiya a Tiga. Shi ma'aikaci ne a wani ɗakin gwajin abinci a Kano. Matan unguwarsu Inna ne suka gayyato shi, don suna son zuba kunun zaƙi a gora su kai kantuna, kuma sai da takardar shaidar halal. Sunan Inna aka fara rubutawa, domin shekara talatin da ɗaya da kununta ake shan ruwa a masallacin unguwa.

Tana yarinya aka tashe su daga garinsu, lokacin da ruwan dam zai cinye shi. Uwarta ta bar gado da turmi, amma ta rungumo randar kunu a bayan mota. Randar ba ta taɓa ganin sabulu ba. Kullum akan bar ɗan ragowar na jiya a gindinta, a zuba sabo a kai, kuma daga nan ɗanɗanon yake fitowa.

Muhuyi ya ce a ba shi damun ranar. Inna ta ga bai dace baƙo ya tafi da wanda bai nuna ba, sai ta ɗebo masa mai kwana biyu, irin wanda dattawa suka fi so.

Bayan kwana tara ya dawo da sakamako. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya daɗe yana juya takardar.

"Faɗi mana, ɗan nan. Ko suga ne ya yi yawa? Liman ma haka yake ce mini, amma kofi biyu yake sha."

"Inna, kunun ya tsimu. An ga barasa a ciki, ta ɗan wuce ƙa'ida."

"Me ka ce?"

"Kaɗan ce ƙwarai, Inna, ko tulu guda mutum ya sha ba za ta bugar da shi ba. Ku dama sabo a wani mazubi, mu sake gwadawa."

Ba ta ji ƙarshen maganar ba. Mijinta marigayi Mudi ta tuna, yana zaune a sahu da kofi a hannu yana jiran kiran salla. Ta ce, "Mutum ya wuni da ƙishirwa don Allah, ni kuma in miƙa masa wannan?"

Liman da kansa ya zo ya ce mata babu zunubi a kanta, azumin da kowa ya yi a shekarun baya na nan. Ta yi masa godiya. Washegari ta yafa mayafi ta bi gida gida tana neman gafara. Wasu suka yi dariya, wasu suka taya ta kuka.

Sau uku Muhuyi yana aiko saƙo a kawo sabon damu, ba ta aika ba. Mata shida sun sami takardarsu a watan Yuni. Inna Hasiya ba ta sake dama kunu ba har ta rasu ranar huɗu ga Nuwamba na 2024. Randar na nan a kife a bayan ɗakinta, domin 'yarta Saude ta kasa fasa ta, ta kuma kasa zuba komai a ciki.