'Ya'yan Kwaɗin da Na Rufe a Randa

Na ga abubuwa da yawa a garin nan na Zuru, yawancinsu sun bi ruwa. Amma abin da ya faru tsakanina da 'ya'yan kwaɗi, wannan kam ba zai fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina.

A bayan ɗakina akwai ramin da aka haƙi ƙasar ginin rumbu. Da damina ta sauka ya cika da ruwa, sai ga 'ya'yan kwaɗi baƙaƙe, daga kai sai wutsiya. Jikata, lokacin ba ta fi shekara bakwai ba, ta mai da su nata. Kullum tana tsugune a bakin ramin tana marmasa musu tuwo. Ranar da uwarta za ta tafi da ita Dabai aikin gona, ta riƙe mini zane.

"Kaka, ki yi alkawari za ki kula mini da su har su yi ƙafa."

"Ni da na raini ubanki da ƙaton kansa, waɗannan ne za su gagare ni?"

Ranar Lahadi na dawo daga coci, na tarar da agwagin maƙwabciyata, matar wani tsohon soja, tsundum cikin ramin suna ta shagali. Na kore su da muciya. Na ɗauko ƙwarya na kwashe abin da ya rage, na juye a tsohuwar randa, na ƙara ruwan ramin, na rufe da faifai. Wasu sun tsere mini cikin ciyawar bakin ramin. Na ce da su, ku kuka sani.

A randa kuwa ba agwagwa, ba hankaka. Suka yi ɓul-ɓul, ƙafafu suka fito. Wata rana maƙwabciyar tawa ta leƙo ta kan zana.

"Mama, wutsiyarsu ta fara guntulewa? To ki jefa musu itace su samu abin hawa. In ba haka ba nutsewa za su yi."

Na yi dariya har da tafa hannu. "Kwaɗo ya nutse a ruwa? 'Yar nan, zaman bariki ya taɓa miki kai. Je ki tsare agwaginki."

Gaskiya ta faɗa, amma a lokacin ba na karɓar magana daga bakin mai agwagi.

Bayan kwana huɗu na ɗaga faifan da safe. Duk suna kwance a kan ruwa, ciki sama. Cikin randa santsi ne, sun nemi wurin dafawa sun rasa. Na haƙa rami a gindin kuɓewa na binne su.

Da jikata ta dawo, ko ruwa ba ta sha ba ta ruga bayan ɗaki. Sai na ji ihunta. Ƙananan kwaɗi ne kamar ƙwayar gyaɗa, suna ta tsalle cikin ciyawa.

"Kaka, kin cika alkawari!"

Da na yi shiru, da magana ta ƙare a nan. Amma ban saba karɓar yabon da ba nawa ba.

"Waɗanda na kula da su suna gindin kuɓewa," na ce mata. "Waɗannan, waɗanda suka tsere mini ne."

Tun daga ranar na gane, duk abin da za ka tsare, ka bar masa hanyar fita. Agwagi sun ci sun rage. Ni ban rage ko ɗaya ba.