Ragowar Tubalan Radivoje

Radivoje bai san tsoro ba, ko dai haka yake gaya wa duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da shi a bencin ƙofar benenmu. Ƙarfinsa kaf a masana'antar motoci ta Kragujevac ya ƙarar da shi, yana haɗa giyabos. Dokarsa ɗaya ce, har karnukan unguwa sun haddace ta: in ka gama haɗa inji ka ga noti ya rage a tebur, to kabarin wani ka haƙa. Da wannan doka ya kori masu koyon aiki, da ita ya ishi matarsa Leposava har Allah ya hutar da ita.

Abin da ba ya kawowa benci shi ne zancen yayarsa Stanojka. Mace ce mai kai kamar reza, har ranar da aka tsinci takalminta a cikin firij. Daga nan sunaye suka riƙa zube mata kamar gero a yagaggen buhu. Yanzu tana gidan tsofaffi a bayan gari, in ya je gaishe ta sai ta tambaye shi ko shi ne mai gyaran famfo. Tun daga lokacin, in tabarau ya ɓace masa sai gumi ya karyo masa, alhali yawanci tabarau ɗin yana nan bisa goshinsa.

'Yarsa tilo, Dubravka, tana Chicago, kuma bakin uwarta ta gado. Ta riga ta gaya masa ba kwana-kwana: ranar da ta ga alamar ciwon gwaggonta a tare da shi, za ta sayar da ɗakunansa ta kwashe shi zuwa can. Shi kuwa a wurinsa can ɗin kurkuku ne mai dusar ƙanƙara, inda ko burodi ba zai iya tambaya da bakinsa ba.

Ita ce ta aiko masa da wani kwali. 'Yan tubalan roba ne birjik, waɗanda ake maƙala wa juna su tashi gini. Ta ce masa a waya wai suna wasa ƙwaƙwalwa, kuma ginin ya yi kama da gidan cin abincin da ta fara ɗaukar faranti a cikinsa da ta sauka Amurka. Ya yi tsaki ya ce shi ba jinjiri ba ne. Yana ajiye wayar ya kulle ƙofa ya share tebur.

Gaskiya hannun bai manta ba. Daɓe ya fito baƙi da fari, kujeru jajaye masu ƙafa ɗaya suka jeru gaban kanta, ga akwatin kiɗa mai cin kwabo a lungu, ga kuku da farar hula, ga doguwar mota ruwan hoda a ƙofa. Ya danna tubali na ƙarshe, ya ja baya yana shafa gashin baki. Sai idonsa ya faɗa gefen tebur.

Akwai ragowa. 'Yan mitsi-mitsi ne, tafin hannu ma ba su cika ba: kofi guda, wani abu zagayayye kamar burodi, 'yar fitila, da jajayen ƙwayoyi.

 Ya bi littafin zanen da ya zo cikin kwalin shafi-shafi, bai ga inda ya tsallake ba, kuma wannan ne ya fi kashe masa jiki, don Stanojka ma rantsuwa take yi ba ta manta komai ba. Ya wargaza ginin har daɓe, ya sake. Ragowar nan dai, su ɗin dai, suna kallonsa. Ya sake wargazawa. Gahawa ta daina shiga, miyar wake ta yi tsami a tukunya. Benci ya daina ganinsa, mu kuwa kunnuwanmu suka yi ƙiba. Kullum da safe sai ya tsaya gaban firij, ya buɗe a hankali kamar mai leƙa ramin maciji, ya duba ko takalminsa ya riga shi shiga. Mai sayar da burek, sambusar garinmu, ta tambaye shi ko lafiya, ya ce ciwon haƙori ne, mutumin da haƙoransa ke kwana a kofi.

Ga Lahadi ta ƙarato, ranar da Dubravka ke kira ta waya mai hoto, kuma ta ce sai ta ga ginin. Nan fa babban malamin noti ya aikata abin da ya kori mutane a kansa. Ya ɗebi ragowar ya cusa su duk inda suka kama: kofi a kan rufi, burodi a goshin mota, fitila bisa hular kuku, jajayen ƙwayoyi a jere a tsakar daɓe. Tebur ya yi fes.

Da ta kira, ya juya mata wayar wajen ginin. Ta ƙura wa ginin ido.

"Baba, matso da ita. Me kofi yake yi a kan rufi?"

Ya ce ado ne. Ta tambayi fitilar da ke kan kuku, ya ce don ya ga abin da yake soyawa. Ba ta yi dariya ba. Sai ta sassauta murya, ta tambaye shi yau wace rana, da abin da ya ci da safe. Ya san muryar nan sarai, da ita suke yi wa Stanojka magana. Da ya ji ta ce bari ta duba jirgin mako mai zuwa, sai ya zauna.

"'Yar nan, tsaya. Raguwa suka yi. Na haɗa na wargaza har na gaji, kullum sai sun ragu. Ban san inda nake tsallakewa ba. Ina jin abin ya zo."

Ta rufe fuska, kafaɗunta na girgiza, bai san kuka take yi ko dariya ba. Ashe duka biyun ne. Ta ce masu yin kayan da gangan suke ƙara ƙananan, saboda su ne ke gangarawa ƙarƙashin kujera su ɓace. Kowane kwali haka yake, ko jikokin maƙwabta ya tambaya da sun gaya masa.

"Wane irin marasa tarbiyya ne ke ba mutum kayan da ba su da gurbi?" in ji shi. Ya zage su, ya zagi wanda ya koya musu aiki.

Amma Dubravka ba ta sake shi ba. Ta ce ta fasa jirgin, sai dai tsohon da zai kulle kansa ya rame a kan kofin roba, dole likita ya duba shi, in ya ƙi kuwa tana tafe.

Ya je da kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza. Likita ta sa shi ya zana agogo, ta ba shi kalmomi ya riƙe, ya mayar mata da su. Ta ce ba ta ga komai ba tukuna, ya dawo in kaka ta yi. Ya so a ce ba ta ƙara wannan tukunar ba.

Da ya fito ƙofar asibiti, ga mai tasi yana yafito shi. Ya girgiza kai. Ya tsaya a mararraba yana duban titunan da aka haife shi a cikinsu, har ya tabbata wanne ne nasa, sannan ya kama hanyar gida a ƙasa.