Hannun Almu na Dama

A Landover, in ka ji an ce "mai hannu a aljihu", Almu ake nufi. Direban tasi ne, mutumin Maraɗi, dogo, ba shi da hayaniya. In kuka haɗu gaba da gaba zai gaishe ka har ka gaji da amsawa, amma daga nesa ko liman ya hango ba ya ɗaga hannu, sai dai ya sunkuyar da kai. Sababbin zuwa kan ce Amurka ce ta ɓata shi. Tsofaffin hannu ba sa tanka musu, don sun san labarin Gregory.

Da can kuwa hannun nan ba ya zama wuri ɗaya. A Maraɗi kabu-kabu Almu yake yi, kuma fasinjojinsa sun sha fama: da ya hango babba a bakin hanya sai ya saki totur ya ɗaga hannun dama, babur ya lafa da kansa, wanda aka goya ya buga haɓa a bayansa. Totur a dama yake, gaisuwa ma a dama take, kuma tun yana ƙarami ubansa ya koya masa da rankwashi cewa ba a nuna wa babba hagu. Da ya zo Amurka, Baba Sharifu ne ya sauke shi, wani tsohon ɗan kasuwa ɗan garinsu da ke zaune a gidan ɗansa a Fort Washington. Shi ya samo masa tuƙi, shi kuma ya ba shi auren Fatouma, 'yar ƙanensa. Maigida ne, suruki ne, uba ne, duk a jikin mutum ɗaya.

Gregory a filin jirgi Almu ya ɗauko shi, da wani ƙaton akwati da keke a ciki. Ɗan Ostireliya ne, siriri kamar kara, kuma tseren keke ne sana'arsa. Ya yi ƙuruciyarsa duka a Turai yana tsere, amma ba shi ne ake ɗaga wa kofi ba. Aikinsa ya shiga gaba ya tare wa gwanin ƙungiya iska, ya koma baya ya kwaso ruwa, in tayar gwani ta fashe ya cire tasa ya ba shi. Wata rana a gangaren dutse ya faɗi da ka, ƙungiyar ta sallame shi da kalmomi masu daɗi. Matarsa Becky ta samu aiki a Washington, suka tare a Alexandria. Yanzu wata ƙaramar ƙungiya ta ce in ya taɓuka abin kirki a tseren farkon bazara za ta ɗauke shi. Likita kuma ya ce kan nan ba zai ɗauki bugu na biyu ba.

Da Gregory ya ji Almu tsohon ɗan babur ne, sai idonsa ya yi haske. Masu tsere suna da wani atisaye: babur ya yi gaba yana sheƙa gudu, mai keke ya manne masa a baya, tazarar taya da taya ba ta kai taƙi ɗaya ba. Mai keken ba ya ganin hanya, bayan mai babur kawai yake gani. Gregory ya ɗauki Almu ya riƙa tuƙa masa babur ɗin.

"Doka ɗaya ce," in ji Gregory. "Kada ka taka birki, kada ka saki totur. In za ka rage gudu, ka miƙa hannun hagu ka nuna mini tukuna. In ka lafa ban sani ba, na mutu."

Ya faɗa yana dariya. Becky ba ta yi dariya ba. Ta raka Almu har mota, ta ce masa a hankali, "Kan mijina yana hannunka."

Hanyar da Gregory ya zaɓa mai kyau ce, ba wutar tsayawa, ba ramuka, itatuwa a gefe, kogin Potomac yana leƙowa ta tsakaninsu. Aibinta ɗaya: ta ƙofar gidan Baba Sharifu ta bi, kuma kowace safiya tsohon yana zaune a kujera gaban gida da carbinsa. Ranar farko Almu ya ji hannunsa ya zabura, ya danne shi da kyar, ya sunkuyar da kai a cikin hular kwano. Wa zai ga sunkuyo a wannan gudun? Hagun da ke sake kuwa, gara a wuce shiru da a ɗaga ta.

Da yamma ya je ya durƙusa ya yi bayani. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ba komi, Almu. Aiki ne." Duk wanda ya girma a gaban manya ya san irin wannan ba komi.

A gida Fatouma ta ƙara masa zafi. "Maigida, mi za a ce? Kullum ka wuce Baba kamar ka wuce icce. Yara ma sun fara tambaya."

Almu ya so ya roƙi Gregory su sake hanya, amma kunya ta hana shi faɗin dalili. Ina zai fara gaya wa bature cewa hannunsa ba ya jin magana? Sai ya ce wai hanyar tana da ganye. Gregory ya ce bai ga ganye ba. Suka ci gaba. Almu ya koma tsoron kwanar gidan Baba kamar yadda ake tsoron gidan da ke da kare, yana jin shassheƙar mutumin a bayan wuyansa, yana jin kukan siririyar tayar nan. Wata rana ya sauka ya ga baƙin zane a murfin tayar baya ta babur, inda keke ya goga. Ya daɗe yana kallonsa.

Sai kujerar ta zama ba kowa. An kwantar da Baba a asibiti, ciwon zuciya ya motsa. Almu ya yi zaryar dubiya, ya yi addu'a da gaske, amma a kan hanya sauƙi ya ji, kuma ya tsani kansa don jin sauƙin. Gregory na ƙara ƙarfi, yana ihu daga baya, "Ƙara! Ƙara!"

A atisayen ƙarshe kafin tseren, suka shawo kwanar a guje. Kujerar na nan, Baba na ciki, an sallamo shi Almu bai ji ba. Tsohon ya rame, riga ta yi masa yawa. Da ya ji babur sai ya dafa kujera ya miƙe da kyar, ya ɗaga hannu sama. Babba ne, marar lafiya, ya tashi tsaye ya riga Almu gaisuwa.

Almu bai yanke shawarar komai ba. Hannunsa kawai ya gani a sama. Babur ya lafa, wani abu ya daki bayansa, sannan ya ji ƙarar da ta sa har yau ba ya son a fasa kwakwa kusa da shi.

Gregory bai mutu ba. Hular kwanonsa ta tsage biyu, ya yi makonni a kwance, tseren ya wuce ba shi. Yanzu yana tafiya a hankali, haske na damun idonsa, keken na rataye a bango. Safiyar nan ta goge daga kansa ƙaf, kuma duk wanda ya tambaya sai ya ce shi ne ya matso da yawa. Almu ya gaya wa Becky yadda aka yi tun a asibiti. Ta dube shi, ta maimaita, "Gaisuwa?" Ba ta sake yi masa magana ba.

Da abin ya lafa, ya je gaida Baba Sharifu. Tsohon ya kama hannunsa na dama da nasa biyu, idonsa ya kawo ruwa.

"Na ga hannunka ran nan, ɗana. Wallahi ya fi mini maganin likita. Sai ga tsautsayi ya faɗa wa baturen nan, bawan Allah, ko mi ya same shi? Kai dai Allah shi yi maka albarka."

"Amin, Baba," in ji Almu. Ya jira har tsohon ya sake shi, sannan ya mayar da hannun aljihu.