Mai Ƙaho da Lasifikar Tsakiya

Duk layin ba mai kiransa da wani suna sai Mai Ƙaho, shi ma da shi yake amsawa. Kafinta ne tun yana saurayi, ya yi gadaje da ƙofofi ba iyaka, amma abin da ya tafi da zuciyarsa shi ne akwatin lasifika mai buɗaɗɗen baki, wanda ake lanƙwasa katako ya fara da ƙunci daga ciki ya yi ta faɗi har waje, kamar ƙahon bijimi. In aka ɗaura lasifika a maƙogwaron ƙahon, muryarta sai ta cika ɗaki ba tare da an matsa wa amfilifaya ba. Ba wanda ya koya masa. Katakon da ya ɓata kafin hannunsa ya faɗa, da ya isa a yi wa makaranta benci.

Bango ɗaya ne tsakanin shagonsa da ɗakin da matarsa take ɗinki. Shekara talatin da ɗoriya tana taka keken ɗinki tana mita ta taga: "Baban 'yan biyu, ka rage gurnanin nan, allura rawa take yi a hannuna!"

Kowane akwati nasa lasifika uku yake sa masa. Babbar ta ƙasa mai gurnani, ƙaramar ta sama mai tsiwa, sai ta tsakiya. Yakan ce ta ƙasa ta samari ce, ta sama ado ce, amma muryar ɗan Adam a tsakiya take zaune. Kuma ƙaho ba ya rufa wa lasifika asiri, yadda yake ɗaga kyanta haka yake ɗaga aibinta. Don haka yakan yi mako guda yana zaɓen ta tsakiya kaɗai.

Wata safiya shugabar wata makarantar makafi ta zo shagon. Ta ce suna da zaure inda ake karanta wa ɗalibai littattafai, amma lasifikokin da ke ciki suna dama kalmomi, na baya ba sa gane komai. Ba kiɗa take so ba, magana take so ta fita sarai. Mai Ƙaho ya ji kamar aikin da ya yi shekaru yana jira ne ya zo.

Ya fito da lasifikar tsakiya iri uku ya jera a kan teburi. Akwai sabuwa mai fuskar ƙarfe tana walƙiya, akwai mai fuskar roba, akwai kuma tsofaffi guda biyu masu fuskar takarda da maganaɗisu mai nauyi, waɗanda ya ciro daga wani gidan silima da aka rufe, ya liƙe gefensu da gam. Ya sa kaset ɗin wani mai karatu, yana ɗaura kowace a ƙahon yana saurare. A kunnensa mai ƙarfen ce ta fi fitar da magana tas. Har ya ɗauko sukuddireba zai ɗaure ta, sai ga matarsa tsaye a bakin ƙofa da tef ɗin awo a wuya.

"Wannan za ka kai wa bayin Allah? Ai soka kunne take yi. Duk inda mutumin ya ce 'sa' ko 'sha', kamar an zuba ruwa a tafasasshen mai."

"Ke da kika san zare, yaushe kika san murya?"

Ta sassauta harshe. "Tun bara in na kira ka ta hagu ba ka waiwayowa. Na ɗauka miskilanci ne ya ƙaru da tsufa. Ka je a duba maka kunnen nan."

Ya yi fushi, amma ya je. Likita ya sa masa abin sauraro a kai, ya ce ya ɗaga hannu duk lokacin da ya ji ƙara. Mai Ƙaho ya zauna yana jira a fara, ashe an daɗe da farawa. Likitan ya ce ƙarar injin yankan katako ce ta cinye masa siraran sautuka, shi ya sa abin da ke sokar kunnen mutane shi yake jinsa daidai.

Kwana biyu bai kunna komai ba. Yana zaune cikin shago yana goga samfefa a katakon da ya riga ya yi santsi. Matar ma keken nata a hankali take takawa.

Rana ta uku ya shiga ɗakin ɗinkin, ya ɗauko kujerarta, ya kai shago ya kakkaɓe ta da hularsa. "Maman 'yan biyu, zo ki zauna. Juya baya, kar ki leƙa."

Ya ɗaura ta roba. Ta ce, "Wannan cikin bargo yake magana." Ya maido da mai ƙarfen a ɓoye don ya kama ta, ta toshe kunne ta ce kar ya raina mata hankali. Da ya ɗaura tsohuwar mai takarda, sai ta gyara zama.

"Wannan kam mutum ne zaune a gabana. Sai dai kamar da hanci yake magana, kaɗan."

Nan fuskarsa ta washe, don wannan ciwo ya san maganinsa. Muryar ce take bugun bayan akwati tana dawowa. Ya ce ta kawo masa auduga da ƙyallayen da take zubarwa, ya cusa a bayan lasifikar, ya sake kunnawa. Sau huɗu yana ƙarawa yana ragewa kafin ta gyaɗa kai.

Ranar da aka kafa ƙahonin a zauren, tare suka je, ita da sabon mayafi. Wata malama ta fara karatu. Ba ta gama shafi ba wata ɗaliba daga can layin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ashe mura kike yi?" Malamar ta ce tun jiya. Zauren ya ɗauki dariya. Mai Ƙaho bai ji tambayar ba, sai da matar ta zagayo ta damansa ta maimaita masa, sannan ya yi tasa dariyar shi kaɗai bayan kowa ya gama.

Har yau yana yin ƙahoni, sai dai yanzu in mai aiki ya tambaya yaushe za a gama, cewa yake, "Sai mun saurara." Kwanan baya ɗaya daga cikin 'yan biyun ta zo ganin gida da mijinta. Ta tarar da uwar a shago tana haɗa waya da dalma, tana cewa yin ramin maɓalli ya fi wannan wuya. Uban kuma yana ɗakin ɗinki, ya kusa manna ido a allura, an ba shi aikin zura zare tun safe bai ci nasara ba.